Ofishin Hajiyar da ke riƙe mana lissafin albashi, da batun cire kuɗin inshora kafin haraji

Tun da aka raba takardun W-2, wato takardar da kamfani ke ba ma'aikaci mai nuna albashinsa da harajinsa na shekara, a ƙarshen Janairun 2026, 'yan'uwanmu masu ƙananan kamfanoni a nan New Jersey suke tare ni bayan sallar Juma'a da tambaya iri ɗaya. Wa ke riƙe mini lissafin albashi? Kuma da gaske ne cire kuɗin inshorar lafiya daga albashin ma'aikaci kafin a lissafa haraji yana da amfani, ko dai daɗin bakin akantoci ne? Yana da amfani, kuma ofishin da ya yi mini aikin ya ci kuɗinsa da halak. Sai dai ba kowane ma'aikaci tsarin yake yi wa daidai ba, shi ma ofishin yana da wuraren da nake so ya gyara. Shi ya sa na ga gara in rubuta a tsanake, don bayanin bakin ƙofar masallaci ba ya isa.

Sana'ata jigilar marasa lafiya ce. Muna da motoci masu ɗaukar keken guragu, muna kai masu wankin ƙoda da tsofaffi asibiti a Newark da Irvington da East Orange. Direbobina 14 ne, akasari mutanen Gana da Nijar da Najeriya da Togo, uwargidana kuma ita ke ofis tana tsara wanda zai ɗauki wa da ƙarfe nawa. Doka ba ta tilasta mini ba su inshora ba, domin dokar lafiya ta 2010 ta ɗora wannan nauyi ne a kan mai ma'aikata 50 na cikakken lokaci ko fiye. Amma ina ji ina gani direbobin kirki suna barina suna komawa manyan kamfanoni saboda katin asibiti kawai. A ƙarshen 2024 na yanke shawara mu fara. Dillalin inshora ya kawo mana tsarin da za mu iya, aka tsayar cewa kamfani zai biya kaso mafi tsoka, ma'aikaci ya cika ragowar daga albashinsa. A kan wannan ragowar ne duk maganar take.

Ofishin ƙarami ne, a saman wani shago, ɗaki biyu da ɗan wurin jira. Mai shi wata Hajiya ce 'yar zangon Kumasi, mai shekaru kamar hamsin da ɗoriya, tana da lasisin hukumar harajin tarayya ta IRS wanda ke ba ta damar tsayawa wa mutum a gaban hukumar idan magana ta taso. Tana jin Hausa da Tuwi da Turanci, yarinyar da ke taimaka mata kuma tana jin Faransanci. Ranar da na fara kai mata maganar, kafin in gama zama ta tambaye ni: "Alhaji, an rubuta maka takardar tsarin?" Na ce dillali bai yi maganar wata takarda ba. Ta ce to ba a cire ko sisi kafin haraji sai takardar nan ta samu, an sa mata hannu, an sa kwanan wata kafin albashin farko.

Abin da take nufi shi ne Sashe na 125 na dokar harajin Amurka, wanda aka shigo da shi a 1978. Asalin rangwamen ya girmi haka. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta hana kamfanoni ƙara albashi, sai suka koma jawo ma'aikata da inshorar lafiya, a 1954 kuma aka rubuta a doka cewa abin da kamfani ya biya wa ma'aikaci na inshora ba a ɗora masa haraji. Sashe na 125 ne ya buɗe ƙofa cewa shi ma kason da ma'aikaci ke biya zai iya samun wannan sassauci, muddin ya amince a rubuce a rage masa albashi da wannan adadin, kamfani ya miƙa kuɗin kai tsaye ga masu inshora. In babu rubutaccen tsari, a idon hukuma kuɗin nan albashi ne kamar kowane, ranar da aka zo bincike sai a biyo ka bashin harajinsa. Ta karɓi dala 350 ta haɗa takardun, sabuntawa kuma dala 150 a shekara. Lissafin albashi na wata-wata kuɗinsa daban.

Yanzu ga lissafin, da alƙaluman direba ɗaya marar iyali. Yana karɓar dala 20 a awa, awa 40 a mako, wato dala 41,600 a shekara. Muna biyan albashi duk mako biyu, sau 26 ke nan. Kasonsa na inshora dala 120 ne a kowane biya, dala 3,120 a shekara. Haraji biyu ne ke sauka. Na farko shi ne wanda ake kira FICA, kashi 6.2 cikin ɗari na asusun fanshon gwamnati, wato Social Security, da kashi 1.45 na Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, jimilla kashi 7.65. A kan dala 3,120 wannan ya kama dala 238 da 'yan canji. Na biyu harajin kuɗin shiga na tarayya, inda shi yake a matakin kashi 12, ya kama dala 374. Haɗa su, ya tsira da dala 613 a shekara, kusan dala 23 da rabi a kowane biya. Ma'ana, inshorar da aka rubuta dala 120, abin da ya ragu a aljihunsa bai kai dala 97 ba. Kamar manomi ne da ya ware irin shuka tukuna, sannan mai karɓar haraji ya ƙirga abin da ya saura a rumbu. Wanda ya taɓa aikin gwamnati a Najeriya ba zai ji abin baƙo ba, domin can ma ana fitar da kuɗin fansho kafin a lissafa harajin albashi.

Ni ma a matsayina na mai kamfani ina biyan nawa kashi 7.65 a kan albashin kowane ma'aikaci, don haka duk dala 238 da direban nan ya tsira da ita ta FICA, kamfani ma ya tsira da irinta. Mutum tara suka shiga, wasu da matansu, abin da ya rage mana ya haura dala 2,000. Kuɗin takardun Hajiya ya fita tun kafin azumi.

Wannan lissafin kowane akanta zai iya yi maka shi. Abin da ya sa nake yaba ofishin nan shi ne abin da ta yi bayan haka. Ta ce ba za ta yarda a raba fom a gareji kowa ya dangwala hannu ya wuce ba. Sai ta ware Asabar da Lahadi a watan Disamba, kowane direba ya zo da takardar harajinsa ta bara, su zauna su biyu. Ni ina waje, sai wanda ya ce in shigo. Daga baya, da yardarsu, na ji yadda aka yi da wasu, kuma a nan na gane cewa mutum biyu masu albashi ɗaya na iya fita da amsa daban.

Akwai wani mai 'ya'ya uku, matarsa tana aikin kula da tsofaffi na 'yan awoyi, abin da ke shigo musu gaba ɗaya wajen dala 60,000. Yaran suna kan NJ FamilyCare, inshorar lafiyar jiha ta masu ƙaramin ƙarfi, don haka shi da matar kawai zai saka, kasonsa dala 300 a kowane biya, dala 7,800 a shekara. Ya shiga ofishin da niyyar cewa ba ya so, kuɗin sun yi masa yawa. Hajiya ta jawo farar takarda ta zana masa da biro. FICA za ta ragu da dala 597. Harajin tarayya zai ragu da wajen dala 870. Sannan ta zo kan tallafin da ake ba masu ƙaramin albashi, EITC, wanda ga mai 'ya'ya biyu ko fiye yake raguwa da kusan senti 21 a kan kowace dalar da ta ƙaru a samunsa idan ya wuce wani mataki. A lissafin 2025, ga ma'aurata masu 'ya'ya uku, tallafin yana fara raguwa daga dala 30,470, ya ƙare ƙaf a dala 68,675. Tunda kuɗin da za a gani a takardarsa ya sauko daga 60,000 zuwa 52,200, tallafin zai ƙaru da sama da dala 1,600. Jihar New Jersey kuma tana ba da nata, kashi 40 cikin ɗari na na tarayya, ƙarin wajen dala 650. Da ta ja layi a ƙasa, abin ya haura dala 3,700. Kusan rabin kuɗin inshorar ya dawo masa. Ya riƙe takardar yana kallo, ya ce, "Hajiya, don Allah sake maimaita mini daga farko." Ta maimaita. Ta kuma gaya masa gaskiya cewa mafi yawan wannan kuɗi ba zai gan shi a albashin mako biyu ba, sai lokacin da aka cike takardar haraji, don haka ya shirya wa matsin watannin tsakani. A makon jiya ya nuna mini abin da aka ce za a dawo masa da shi, bai yi nisa da zanen biron nan ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne dattijon cikinmu, wanda kowa ke kira Baba. Ya shigo ƙasar nan yana da shekara 55, yana kuma fatan ya yi shekara goma ko sha biyu ya huta. Shi Hajiya ba ta ce masa ya shiga da gudu ba. Ta ce, "Baba, kai naka lissafin daban ne." Dalili shi ne duk kuɗin da ba a cire masa harajin Social Security ba, ba ya shiga cikin lissafin fanshonsa. Hukumar tana ɗaukar shekaru 35 mafi tsoka na aikin mutum, ta raba jimillar da wata 420. Wanda bai cika 35 ba, ragowar shekarun sifili ake rubuta masa. Daga nan sai a ba shi kashi 90 cikin ɗari na kason farko, wanda a 2025 ya tsaya a dala 1,226 a wata, kashi 32 na abin da ya biyo baya har dala 7,391, sai kashi 15 na sama da haka. Saurayin da zai yi shekara talatin yana aiki yana cikin matakin kashi 32, cire dala 3,120 na shekara ɗaya ba zai rage masa fiye da dala biyu da rabi a wata ba. Amma mai shekara goma kacal a kan albashi irin namu, duk lissafinsa a matakin kashi 90 yake. Shekara goma na cirewa, dala 31,200 ke nan, ka raba da 420, ka ɗauki kashi 90, sai ka ga fanshonsa ya ragu da wajen dala 67 a kowane wata har ƙarshen rayuwa. Abin da ya tsira da shi na haraji a shekara goman dala 6,130 ne. In Allah ya ba shi tsawon rai ya yi shekara takwas yana karɓar fansho, ribar ta cinye kanta. Ta gaya masa wannan ƙiyasi ne, domin hukumar tana daidaita tsofaffin albashi da zamani, amma alƙiblar ba ta canzawa. Tun wajen rubuta takardun ta sa an bar zaɓi cewa wanda yake so a cire masa bayan haraji zai iya. Baba ya tafi ya kwana biyu yana shawara da 'ya'yansa, ya dawo ya zaɓi bayan haraji. Ni zaɓin nan ya jawo mini ƙarin dala 238 a shekara, kuma ban ji ciwonsu ba. Yawancinmu da girma muka shigo ƙasar nan. Wannan magana ta shafi mutanenmu fiye da haifaffun nan, kuma ban taɓa jin wani dillali ya ɗaga ta ba.

Na uku shi ne mai shirin ɗauko iyalinsa daga gida, mata da yara biyu. Mai ɗaukar nauyin iyali yana cike fom ɗin I-864, inda zai nuna samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati. Ga gida mai mutum huɗu wannan ya kama dala 39,000 a lissafin 2024, a na 2025 ya hau dala 40,187. Albashinsa 41,600 ya wuce. Amma in aka cire 3,120 kafin haraji, abin da zai fito a takardar harajinsa 38,480 ne, ƙasa da layin. Hajiya ta nuna masa haka, ta ce ana iya haɗawa da takardun albashi da wasiƙar kamfani da ke nuna cikakken albashin, amma ita ba lauyar shige da fice ba ce, ya je ya tambayi lauyansa kafin ya sa hannu. Na ji daɗin yadda ta san inda iyakarta take. Shi ma a ƙarshe bayan haraji ya zaɓa na wannan shekarar, don kada a sami abin tambaya a takardunsa.

Mutum biyu kuwa kai tsaye ta ce musu kada su shiga. 'Yan awoyi suke yi, samunsu ya ba su damar zama a kan NJ FamilyCare, ba dalilin da zai sa su biya abin da suke samu ba tare da biya ba. Ta kuma ja kunnen wanda yake sayen inshora a kasuwar jiha ta Get Covered New Jersey cewa da zarar kamfani ya yi masa tayin inshorar da doka ke ɗauka mai sauƙi ce, wato kasonsa bai wuce kashi 9.02 na samun gidansa ba a 2025, tallafin da yake samu a can zai iya tsayawa.

Ni kaina ban shiga ba, doka ta hana. Kamfanina a rajistar haraji irin wanda ake kira S ne, kuma duk mai hannun jarin da ya wuce kashi 2 a irinsa ba ya shiga tsarin Sashe na 125. Na ce to a saka uwargida, tunda albashi take karɓa. Hajiya ta girgiza kai, ta ce a wurin hukuma hannun jarina nata ne, haka 'ya'yana da iyayena. Hanyarmu daban ce: kamfani ya biya, a ƙara kuɗin a kan albashina a gurbi na 1 na W-2, sannan in cire shi a takardar harajina ta hanyar fom 7206. Ta yi mini wannan ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Sai batun jiharmu, wanda ya kawo hayaniya a gareji ranar da takardun W-2 suka iso. Direban nan marar iyali ya zo mini da tasa a hannu, ransa a ɓace, ya ce, "Oga, an yi kuskure, lambobin ba su yi daidai ba." A gurbi na 1 da na 3 da na 5, na harajin tarayya, an rubuta 38,480, a gurbi na 16 kuwa, na harajin jiha, 41,600. Ba kuskure ba ne. New Jersey ba ta bin tarayya a wannan, tana ɗora harajinta a kan cikakken albashin. Hajiya ta faɗa musu tun Disambar 2024, amma shekara guda ta isa mutum ya manta. Abin da ta ƙara nuna musu yanzu shi ne jihar tana yarda a cire kuɗin magani da ya haura kashi 2 cikin ɗari na samun mutum, kuma tunda ta ɗora haraji a kan kuɗin inshorar, shi ma yana shiga. Kashi 2 na 41,600 dala 832 ne, saura 2,288 ya cire, ya sami rangwamen wajen dala 90. Ba yawa, amma haƙƙinsa ne. Wani direban da ya taɓa aiki a babban kamfani, da ta duba tsofaffin takardunsa ta ga wanda ya cike masa bai saka wannan ba, sai ta gyara masa na shekarun da doka ta yarda a koma, wato uku.

A ɓangaren tarayya kuwa akasin haka ne, kuma ta nanata shi sosai: kuɗin da aka riga aka cire kafin haraji ba a sake saka shi cikin kuɗin magani a takardar tarayya. Cin rangwame sau biyu ke nan. Ko ba wannan ba, a can sai abin da ya haura kashi 7.5 na samunka ake lissafawa, kuma sai ka haƙura da rangwamen bai-ɗaya da ake cire wa kowa daga samunsa, wanda a 2025 ya kai dala 15,750 ga mutum ɗaya, 31,500 ga ma'aurata. Da wuya direba ya kai nan. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa cirewa daga albashi ta fi, domin in ka biya bayan haraji, a mafi yawan lokuta babu wata hanyar da rangwamen zai dawo maka.

Wani kuma ya zo a firgice da W-2 ɗin matarsa mai aiki a babban asibiti, ya ga wasu maƙudan kuɗi a gurbi na 12 kusa da haruffan DD, ya ɗauka haraji za a ɗora musu. Sanarwa ce kawai ta jimillar kuɗin inshorar, na kamfani da na ma'aikaci. A namu babu ita, domin kamfanin da ke fitar da W-2 ƙasa da 250 ba dole ne ya rubuta ba.

Abin da ya fi ɓata wa mutane rai a tsarin shi ne ɗaurin shekara. In ka zaɓa a Disamba, ka zaɓa har Disamba mai zuwa, sai in wani abu ya sauya a rayuwarka: aure, rabuwa, haihuwa, rasuwa, ko matarka ta rasa aikin da ke ba ta inshora. Gab da Babbar Sallah wani yaro ya zo ya ce a dakatar masa na wata biyu, ana jiran kuɗin rago a gida. Na tausaya masa, na kira Hajiya. Ta ce, "Alhaji, ba zan yi ba. In na yi wa ɗaya, na jefa tsarin kowa cikin hatsari." Sai na ba shi rance daga aljihuna. A lokacin na ga kamar ta cika tsauri, amma aikin da nake biyanta ta yi ke nan. Haihuwa kuwa akwai wa'adi, dokar tarayya ta ba da aƙalla kwana 30 a saka jariri. Dokar da ta kafa mana ita ce duk wanda aka yi wa haihuwa ya kawo takarda a makon suna, kada ya jira a gama karɓar baƙi. Ta kuma yi bayanin ɗan riƙo, abin da ya shafe mu sosai. Ɗanka na cikinka yana zama a inshorarka har shekara 26, amma ƙanenka ko ɗan wanka da kake riƙo, in ba ka da takardar kotu ko bai cika sharuɗɗan wanda ke ƙarƙashinka a lissafin haraji ba, ko dai masu inshora su ƙi shi, ko kuma kasonsa ya rasa rangwamen.

Yanzu inda suka gaza. A albashin farko na Janairun 2025, yarinyar ofishin ta saka mutum biyu a layin bayan haraji alhali sun zaɓi kafin haraji. Uwargida ce ta gano da ta jera takardun albashin a tebur ta ga FICA ɗinsu ta fi ta sauran. An gyara a biya na gaba, aka mayar musu da 'yan dalolinsu, Hajiya ta kira su ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri. Amma a ganina albashin farko na sabon tsari, ita ya kamata ta duba da idonta kafin ya fita. Na biyu, daga tsakiyar Fabrairu zuwa 15 ga Afrilu kusan ba a samunta. Waya tana ta ƙara ba mai ɗauka, saƙo sai ya kwana biyu. Na san lokacin cike haraji ne, wurin jira cike yake har kan matakala, amma mu masu biyan kuɗin wata-wata ya kamata a ware mana layi. Matakalar ma matsala ce, babu lif, Baba sai da ya huta a tsakiya kafin ya ƙarasa.

Babban ƙorafina shi ne takardu. Duk bayanin nan mai daɗi da baki aka yi shi. Abin da direba ya tafi da shi gida fom ne na Turanci mai ƙananan haruffa, takardar albashin kuma cike take da gajerun haruffa da ba wanda ya san ma'anarsu. Mutumin da ya yi karatunsa da Faransanci a Maraɗi ko Sokode, in matarsa ta tambaye shi me ya sa albashi ya ragu, ba shi da abin nuna mata. Hayaniyar gurbi na 16 da ba ta faru ba da akwai shafi ɗaya manne a bangon gareji.

Ga wanda zai je, ya je a Oktoba ko farkon Nuwamba, lokacin tana da sukuni. Ya tafi da lissafin albashin shekara, da farashin da dillali ya ba shi, da takardar rajistar kamfani don ta ga ko shi da iyalinsa za su iya shiga. Ya kuma nemi zaman mutum-mutum ɗin nan da ma'aikatansa ko da za ta caje shi a kai, ni ta karɓi dala 40 a kan kowane mutum. Wanda kuma ma'aikatansa duk a New York ko wata jiha suke zaune, ya tambaye ta tun farko yadda harajin can yake, domin abin da na faɗa na jiha na New Jersey ne kaɗai.

Na sabunta yarjejeniyarmu ta 2026. Na tambaye ta ko mu ƙara asusun nan da ma'aikaci ke tara kuɗin magani kafin haraji, wanda iyakarsa ta kai dala 3,300 a 2025. Ta ce mu dakata, domin abin da mutum bai kashe ba a shekara mafi yawansa ɓacewa yake, kuma direbobina ba su gama sabawa da na farko ba. Na yarda da ita. Sharaɗin da na gindaya mata shi ne shafi ɗaya da Hausa, ɗaya da Faransanci, mai hoton W-2 da kibiya a kan kowane gurbi, ya iso hannuna kafin Nuwamba. Ta ce za ta yi. In bai zo ba, zan biya wani ya rubuta, in kai mata ta duba alƙaluman.